Zabibin da Amama ta tsince

Duk wanda ya taɓa bin layin waakye, wato shinkafa da wake, da safe a unguwar Maamobi ya san Amama. Gajeriya ce, ga faɗa kamar ta ari baki, amma in ta ɗora tukunya sai dai a ce masha Allahu. Tun tana budurwa take tsintar wake da shinkafa a faranti, ƙwaya bayan ƙwaya, kuma babban abin alfaharinta shi ne ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a abincinta. Da tukunyar nan ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta, da ita ta raini 'ya'yanta.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma harshenta bai tashi tare da ita ba. Barkono, gishiri, sukari, duk ɗaya suke a bakinta, kamar mai tauna tsumma. To mai abincin sayarwa da ba ta jin gishiri, ina sauran sana'a? 'Yarta Sanatu ta karɓi ludayi. Yarinyar kirki ce, sai dai hannunta rawa yake a gishiri, yau lami, gobe zartsi. Layi ya fara gajarta. Amama na kan benci tana kallon tsofaffin masu sayen abincinta suna gaishe ta da ladabi suna yin gaba. Abin ya ci ranta har ta daina faɗa, maƙwabta kuwa suka san lallai jiki bai yi daɗi ba.

Wata ranar Juma'a Husseini direban motar hayar nan trotro, wanda da waakyenta ya girma tun yana yaron mota, ya zo dubiya da kwalin biskit daga wani babban kanti. Ya ce da hatsin Turawa ake yin sa, wai ots. Ta yi godiya, ta jira ya tafi sannan ta buɗe.

Kai, ba ta ga abin yabo ba. Biskit ɗin kauri, kaushi, in ka lanƙwasa ba ya ƙaras, sai ya bi hannu kamar ya sha iska. Ga wasu baƙaƙen abubuwa sun lafe a jikinsa. Ta ja tsaki, ta ce Turawa da duk injinansu ba su iya tsintar hatsi ba. Ta jawo faranti, ta ɓare biskit ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwaƙulo baƙaƙen da farce tana tarawa a gefe. Ta ɗan tauna sauran, ta ji dusa-dusa kawai.

Sanatu ta shigo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai zabibi ne, da gangan aka sa, shi ne ma daɗin abin. Kunya ta kama Amama. Amma kyautar mutum ba a zubar da ita, don haka ta kwashe tulin zabibin nan gaba ɗaya ta watsa a baki.

Da fari danƙo kawai ta ji yana kama haƙori. Can sai wani ɗan tsami ya tsikare ta a gefen harshe, zaƙi ya biyo shi irin na dabino, yawu ya tsinke. Ta tsaya cak. Ta lalubo ɓallen biskit ta tauna a hankali, sai ga ƙamshin kirfa, ga maiƙo, har da ɗan gishiri da ya ɓuya a ƙarƙashin sukari. Hawaye suka zubo mata, ba ta ma share ba. Ta gode wa Allah, ta sa wa Husseini albarka, shi da iyayensa da tayoyin motarsa, har Turawan da ta gama zagi ta nema musu shiriya.

"Sanatu, miƙo min ludayin miyar nan."

Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta yamutsa fuska.

"Ke, teku kika juye a ciki?"

Rabon Sanatu da shan faɗa tun kafin zazzaɓin. Ta cusa fuska a mayafi tana kukan murna, ta ce, "Mma, ƙara faɗa."

Amama ta ɗaure zani, ta ture ta daga bakin murhu.