Kurmar Randar Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma a ɗakinta akwai randuna uku cike da irin gero. Biyu tana ba da rance daga ciki, ka karɓi ƙwarya da bazara, ka mayar da kaka. Ta ukun ta gauraya da toka ta liƙe bakinta da laka. Ita take kira kurma, wai don ba ta jin roƙo.

Ba ta zuba irinta a gari ɗaya. Kaɗan ga mutanen Gagarawa, kaɗan ga na Maigatari, domin a cewarta ruwa ba ya tsallake garuruwa duka a shekara guda. Kafin ta auna maka sai ta tambaye ka gonarka, da yadda ka biya bara.

Shekarar da na yi aure na sari sabuwar gona wajen Sule Tankarkar, shekaru kaɗan bayan zuwan Turawa. Na zo wurinta da taiki, babban buhun fata, ta ba ni ƙwarya biyu kacal. Na nuna kurmar, ta yi kamar ita ma ba ta ji. Na fita ina huci, ina gaya wa kowa cewa tsohuwa ta fi son baƙi da jininta.

Don gaggawa na yi binne, wato na shuka duka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Da ruwan gaske ya sauka, ba ni da ko tsaba, kuma kwanakin shuka suna ƙurewa. Randunan rancen nan biyu tuni sun ƙare.

Na koma da kunya. Gwaggo ta dube ni ta tambaya ko na gama yawo da sunanta. Sannan ta ɗauki taɓarya ta fasa lakar.

"Ɗana, da na buɗe maka ita ran nan, da yanzu tana ƙarƙashin ƙasa tare da sauran."

Ta auna mini na shuka, kuma geron da ya fito muka ci har muka ga wata damina, ni da matata da cikin da take ɗauke da shi. Har yau ina gode mata. Da kaka, kafin a daka mana ko zangarniya ɗaya, na cika kurmar, na kwaɓa laka na liƙe bakinta da hannuna.