Ummukulthum da taswirar da ta ƙi zama

Ummukulthum 'yar Gaya ce, kuma tun tana ƙarama ba ta iya wuce gona ba tare da ta tambayi inda iyakarta ta tsaya ba. Wannan shegen bin diddigi ne ya kai ta karatun safiyo, ya kuma kawo ta Kuala Lumpur digiri na biyu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, tare da mijinta Hambali.

Niyyarta ta koma gida ta auna gonakin garinsu. Sai korona ta faɗo, aka rufe ko'ina. Malamarta, wata dattijuwa 'yar Malesiya mai haƙurin gaske, ta turo mata tsofaffin taswirorin wani ƙauyen Amurka da aka auna a ƙarni na sha tara, ta ce ta ɗora su kan hoton tauraron ɗan'adam na yau. In aikin bai kammalu kafin ƙarshen zango ba, gida za ta koma hannu rabbana.

"Ni da na baro gonakin Gaya, yau ni ce mai auna wa matattun Turawa fili!" in ji ta. Amma ta zauna ta yi.

Taswirar fa ta ƙi zama. A gyara nan, can ya goce. Cocin ƙauyen ya faɗa kogi, hanya ta ratsa maƙabarta. Ummukulthum ta rame, ko abincin da Hambali yake sayowa a waje ya kawo ba ta taɓawa. Wallahi abin tausayi.

To, a gidan nasu na unguwar Danau Kota akwai Gwaggo, yayar mahaifin Hambali, wadda ta zo ganin likita kulle ya rutsa da ita. Gwaggo ba ta yarda da kibiyar alƙibla da ke manne a silin tana nuna yamma ba. Yaya za a ce mutum ya yi salla yana kallon faɗuwar rana? Kullum sai ta fito da ɗan kamfas ɗinta na aikin hajji. Ran nan da hantsi ta ajiye shi kusa da firij, allurar ta karkace.

"Ummu, zo ki ga abin nan yana mini ƙarya!"

Ummukulthum ta zo, ta tsaya ƙiƙam. Mutanen da suka auna ƙauyen nan ai da allura suka yi aiki, kuma arewar allura tana gocewa daga arewa ta gaskiya, tana sauyawa da shekaru. Tun ajin farko aka koya mata wannan, tashin hankali ya share mata shi. Ta koma kan kwamfuta ta nemo gociyar wancan zamanin, ta ɗan juya taswirar. Coci ya fito daga ruwa, kowace gona ta koma mazauninta.

Ta kare aikinta ta bidiyo daga falo, ta gama ta rungume Gwaggo tana kuka tana godiya.

"To yanzu gonakin na wa ne?" Gwaggo ta tambaya.

"Na wasu ne, Gwaggo, sun daɗe da mutuwa."

"Oho dai. Ke kin samu takardarki?"

"Na samu."

"Alhamdu lillahi. Tashi ki ci abinci, 'yar nan, duk kin ƙare."