Hoton Kan Gwaggo a Shagari

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu huɗu: likita, ma'aikaciyar jinya, direba da ni, ga ƙaramar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ɗaure a bayan mota. Abin da na'urar ke ɗaukowa ba hoto ba ne tukuna, tarin bayanai ne da kwamfuta ɗaya kan yini tana harhaɗawa. Aikina in tura su ta intanet zuwa kwamfutoci masu yawa a nesa, kowace ta ɗauki rabonta, hoto ya dawo kafin shayi ya huce.

A Boɗinga muka karya da masa. Ta yi tsada, ta kuma ƙanƙance, har direba ya tambayi mai suyar ko da murfin kwalba take aunawa. Masu albasa daga fadamar Danchadi sun cika bakin titi da buhuna. Mutum tara muka duba. Sabis ya ɗauke sau biyu, sai da na hau rufin mota riƙe da waya. Duk da haka na cika baki sosai gaban jama'a.

Bayan azahar muka isa Shagari. Nan na girma, a hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Tun damina take aiko mini cewa kanta na ciwo, idonta na dishewa. Kullum amsata ɗaya, zan shigo. Ko wannan tafiyar ban sanar da ita ba, don na ƙudurta mu gama mu juya.

Ina jera wayoyin na'ura na hango ta a layi. Maƙwabciya ce ta riƙo hannunta. Ba ta gane ni ba sai da na durƙusa na yi magana.

"Ashe kai na? Cewa anka yi baƙi sun zo da na'ura."

Hotonta bai yi minti goma ba ya dawo. Likita ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gefe ya nuna mini ƙari yana danne jijiyar gani. Ya ce da an kawo ta da wuri, da idon hagu ya tsira. Ya tambaya ko tsohuwar tana da wani a birni.

Na ce, "Ni ne."

Ya mayar da idonsa kan hoton. Gara ma da ya zage ni.

Da ita muka dawo, tana kujerar gaba. A hanya ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ta miƙo baya, wai kada in zauna da yunwa. Na karɓa, na kasa ci.

Tafiyar nan ta nuna mini ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, ganin dama ne. Yanzu tana asibiti ana shirin yi mata aiki. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ta ce masa, "Ɗana ne yak kawo ni." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai.