Bindigar Ilya Mai Cin Harsashi Ɗaya

Ilya Chaibou mutumin Damargu ne, daga wani ƙauye arewa da Tanout, kuma gidansu gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa yana da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a tsaya a sake ɗurawa. Ilya bai gaji sana'ar ba. Lakkol, wato makarantar boko, ita ce ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ta kai shi Damagaram, ta kai shi Yamai, a shekarar 2004 kuma ta sauke shi a Villeurbanne, kusa da Lyon, karatun injiniya. Har ya bar gida ko zomo bai taɓa harbi ba.

Hutun ƙarshen shekarar farko ya yi shi a Paris, wurin ɗan baffansa Muhammad Awwal, mai shagon wayoyi a unguwar Barbès. Shi ya samo masa aikin dako a babbar kasuwar Rungis. Wata safiya Ilya ya turo amalanke cikin rumfar kaji, ya ɗaga kai, sai ya tsaya cak. Bareyi ne rataye a jere, da gashinsu da ƙahoninsu, ga zomaye, ga agwagin ruwa, kamar an kwaso dajin ƙauyensu an rataye shi a tsakiyar Faransa. Shi a tunaninsa farauta aikin mutanen karkara ne da ba su shiga aji ba.

"Wa ke harbo waɗannan?" ya tambayi wani mahauci.

"Kowa," in ji mahaucin. "Likita, manomi, direban bas. Matsa da amalankenka."

Bayan ya gama karatu ya samu aiki a wani ɗakin gwajin ƙarafa a Villeurbanne ɗin. Ya auri Huraira, ƴar Maraɗi, suka haifi ɗiya guda, Marwa. A 2009, wata safiya da aka kwana ana ruwa, tayar kekensa ta zame a kan layin taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, ya faɗi kan kafaɗar hagu. Ƙashi ya ɗoru, amma jijiya ba ta koma daidai ba. Hannun yana riƙe kofi, yana ɗaura maɓalli, sai dai abu mai nauyi ba ya iya ɗaga shi sama da ƙirji.

Mahaifinsa ya rasu a 2012. Da Ilya ya dawo daga zaman makoki, sai wani abu ya fara cinsa a rai wanda shi kansa bai yi zato ba: yana son ya shiga daji da asuba kamar yadda tsohon yake yi. A wurin aiki akwai wani dattijo Bafaranshe, Gilbert, wanda duk ƙarshen mako yake tafiya farauta a duwatsun Bugey, kuma teburinsa ba ya rabuwa da mujallun maharba. A cikin wata mujalla da ta fito daga Amurka Ilya ya ga hoton wani mutum riƙe da bindigar hannu mai dogon baki. Karya ta ake yi a tsakiya, a sa harsashi ɗaya, a rufe, ga ɗan madubin saiti a samanta. Ilya ya daɗe yana kallon hoton. Bindiga mai cin harsashi ɗaya, kuma hannu guda ya ishe ta. Ya ji kamar don shi aka ƙera ta.

Bai shawarci kowa ba, ya yago shafin ya nufi wani shagon bindigogi a cikin Lyon. Mai shagon, wani gajere mai gilashi a goshi, ya karɓi hoton ya duba, ya dubi Ilya.

"Me za ka yi da ita?"

"Farautar barewa."

"A ina?"

"A nan Bugey."

Mutumin ya ajiye takardar a hankali. "Malam, in ka shiga dajin Faransa da wannan, jandarmomi ne za su raka ka gida. Nan ba a farauta da bindigar hannu. Duk wadda ba a ɗora ta a kafaɗa, doka ta hana."

Ilya ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Makonni ya yi yana karatun wannan bindiga, ya san nauyinta, ya san harsasan da take ci, ashe duk a banza. Ya ɗaga hannun hagu iya inda yake kaiwa ya nuna wa mutumin. Mai shagon ya kalli hannun ba tare da nuna tausayi ba, abin da ya yi wa Ilya daɗi.

"Akwai ƴar'uwarta," ya ce. Ya sauko da wata siririyar doguwar bindiga, ya karya ta a tsakiya. "Ita ma ɗaya take ci. Ba ta da nauyi. Ka ɗora bakinta a kan sanda mai ƙafa uku, sandar ta zama hannunka na hagu. Amma ka je ka ci jarrabawar izinin farauta tukuna, sannan mu yi magana."

Da yamma ya gaya wa Huraira tana tsaye tana yanka albasa. Wuƙar ta tsaya.

"Bindiga? A gidan nan? Inda Marwa take kai hannu ko'ina?"

"A cikin akwatin ƙarfe mai makulli za ta zauna."

"Baban Marwa, kai da layya ma sai ka kira wani ya yanka maka!"

Faɗan Huraira mai sauƙi ne a kan na Muhammad Awwal. Ilya ya je Paris wani aiki, ya biya ta Barbès, suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da sanyi. Yana furta kalmar bindiga, Muhammad Awwal ya zaro ido, ya dubi masu sayayya biyu da ke shagon, ya jawo shi bayan kanta.

"Kana hauka ne? Baƙar fata, Musulmi, mai suna Ilya, ka je ka rubuta sunanka cikin masu bindiga? A wannan zamani?"

"Yaya, ta farauta ce. Da izinin hukuma."

"Rage murya! Mu da muke lallaɓawa mu ci abincinmu, kai ka tashi za ka jawo mana ido."

Ilya ya koma Lyon jiki a sanyaye, amma bai fasa ba. Ya yi karatun, ya ci jarrabawar a bazarar 2013, Gilbert kuma ya tsaya masa har ƙungiyar maharban ƙauyensu ta karɓe shi.

Sai batun kalibir, wato faɗin bakin bindiga da girman harsashin da take ci. Nan Ilya ya ga ashe maharba ba su taɓa yarda da juna. Wani ya ce .222 ta ishi barewa, wani ya ce wannan ta yara ce, iska kaɗan za ta karkatar da ita. Gilbert shi ɗan 7x65R ne, yana cewa da ita za ka kayar da komai har aladen daji. Ilya ya ce shi ba ruwansa da alade. Duk da haka ya yarda ya gwada ta Gilbert a filin koyon harbi. Ya ɗora ta a sanda, ya manna ido da madubin don ya gani sosai, ya ja kunama.

Bai ma ji ƙarar ba. Abin da ya sani kawai shi ne yana zaune a ƙasa, duniya tana juyawa, wani abu mai ɗumi yana gangaro masa cikin ido. Bindigar ta yi shuri da baya, bakin madubin ya tsaga masa gira. Ya taɓa, ya ga jini cike da tafin hannu, ya hau salati.

"Na manta ban ce ka ja ido baya ba," in ji Gilbert, fuskarsa ta yi fari fat.

Ɗinki huɗu aka yi masa. Huraira ta buɗe ƙofa ta gan shi da bandeji, ta dafe ƙirji, ta ce, "Tun ba ka saya ba ke nan."

A ƙarshe 6,5x57R ya ɗauka, matsakaiciya, mai sauƙin shuri, wadda kafaɗarsa za ta iya ɗauka. Kan madubi ma sai da suka ja da mai shagon. Ilya yana son babba mai kusanto abu ninki goma sha biyu. Mai shagon ya ce wannan na masu harbi daga dutse zuwa dutse ne. A cikin kurmi ba abin da zai nuna maka sai ganye ɗaya yana rawa. Ya ba shi mai ninki shida, mai haske ko da gari bai gama wayewa ba, wanda ake iya kallo ta cikinsa ido na nesa da ƙarfe.

Ranar wata Asabar cikin watan Oktoba Gilbert ya ajiye shi a bakin wani fili da ke gefen kurmi, shi kuma ya zagaya ta bayan tudu. Gari ya fara haske, raɓa ta jiƙa ciyawa. Ilya ya kafa sandarsa ya jira. Can sai ya ji ganye na motsi. A ƙasan fili, tsakanin bishiyoyi, wani abu mai launin ƙasa-ƙasa ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa, daidai yadda barewa ke kiwo. Zuciyarsa ta hau bugawa. Da tabarau na hangen nesa rataye a wuyansa, kuma an koya masa cewa da shi ake fara dubawa, amma ɗoki ya mantar da shi. Ya ɗora bindiga a sanda, ya zare makarin kunama, ya yi bisimilla, yatsa ya kwanta a kan ƙarfe. Ya sa ido a madubi yana neman kafaɗar dabbar.

Maɓalli ya gani. Maɓallin riga, babba, baƙi. Sama da shi kuma farar suma tana leƙowa daga ƙarƙashin hula.

Tsohuwa ce cikin rigar sanyi mai ruwan ƙasa, da kwando a hannu, tana tsintar laimar kwaɗi irin wadda mutanen ƙasar suke ci. Alamar saitin tana zaune daidai kan ƙirjinta.

Ilya bai san yadda ya janye yatsan ba. Ya ɗaga bakin bindigar sama, ya karya ta, harsashin ya faɗi cikin ciyawa bai ko neme shi ba. Ya durƙusa, gumi yana tsattsafo masa cikin wannan sanyi. Innalillahi kawai yake maimaitawa.

Tsohuwar ta hauro a hankali, ta biyo ta gefensa. Ta gan shi a durƙushe, ta yi murmushi.

"Barka da asuba. Ba ka samu komai ba? Ni kam yau na dace." Ta karkato kwandon ta nuna masa, ta wuce abinta tana ƴar waƙa.

 A durƙushen nan Gilbert ya dawo ya same shi. Da ya ji abin da ya faru, dattijon ya zauna a kan wani kututture, ya cire hula. Sannan ya ce, "Maƙwabciyar ƙanwata ce. Ita ta koya mini karatu a aji ɗaya."

A gida Huraira ta saurare shi har ƙarshe, hannunta a baki. Ya zaci za ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta ɗora masa ruwan zafi, ta ɗauke Marwa zuwa maƙwabta don ya samu ya kwanta, amma barci bai zo ba, ranar da kwanakin da suka biyo baya.

Bindigar ta shekara a kulle. Da kaka ta zagayo ya koma dajin, amma ya yi fita da yawa da tabarau kaɗai, yana bin Gilbert a baya, kafin ya yarda ya sake ɗaukar ta. Barewarsa ta farko ya harbe ta a 2015, bayan ya kalle ta har Gilbert ya gaji ya fara tsaki. Tun daga nan ba ya wuce guda a shekara, wata shekarar ma ba ya samu. Maharban ƙauyen suna yi masa tsiya cewa kafin Ilya ya gama dubawa barewa ta haihu ta yaye. Yakan yi dariya tare da su, ya ci gaba da duban abinsa.