Kaset Ɗin da Shemphang Ya Ƙi Saurara

Yayana Shemphang direban tasi ne a Shillong, irin baƙaƙen nan masu rawayan rufi da ake cusa mutum shida a wurin mutum huɗu. Wanda ya shiga motarsa yau ba zai taɓa cewa mutumin nan ya hau dandamali ba. Ba ya kunna rediyo, ba ya hira da fasinja, in kuwa daga bayansa ka faɗi inda za ka sauka, sai ka maimaita. Amma shekaru da yawa shi ne makaɗin ganguna a ƙungiyar kiɗan rok da ƙaninsa Teibor yake rubuta wa waƙa, kuma duk wanda ya yi samartaka a garin nan a lokacin ya yi tsalle a gabansu.

Mu uku Mei, mahaifiyarmu, ta haifa, ni ce auta. A ƙauyenmu, can cikin duwatsun kudu, ba suna kaɗai uwa take ba jariri ba. Tana rera masa wata 'yar gajeriyar murya, tasa shi kaɗai, ba kalma ko ɗaya a cikinta. Da ita ake kiran mutum daga gona ko daga ƙetaren kwari, da baki ko da fito. In ka ji taka sai ka maido ta, ko kana fushi, ko bakinka cike da shinkafa. Ta Shemphang tana farawa ƙasa-ƙasa, sai ta tsinke ta yi sama siririya a ƙarshe. Mei ta ce haka ya fito duniya, da gunaguni sannan ihu.

Shemphang, wanda muke kira Bah kamar yadda ake kiran duk wani babba namiji a wurinmu, shi ya fara zuwa birni. Wankin mota ya yi, a coci kuma ya koyi ganga. Da ƙafarsa ta tsaya sai ya ɗauko Teibor ya sa shi makaranta, shi ya saya masa jitarsa ta farko, wata tsohuwa mai tsagaggen ciki. Ni daga baya na biyo su tare da Mei, na buɗe rumfar shayi a bakin tashar tasi. Teibor yaro ne mai kai, wannan ba mai ja. Shi ke haɗa kalmomi, shi ke rerawa, shi 'yan mata ke yi wa ihu. Shemphang yana can baya a kan 'yar kujerarsa, gumi na zuba, bai taɓa neman a san sunansa ba. Sun yi wasa a kwalejoji, sun je Guwahati, sun je har Kolkata. Mei ta rasu suna kan ganiyarsu.

Abin da ya raba su kunne ne. Shekara da shekaru Shemphang yana zaune tsakanin farantan ƙarfen da yake duka da manyan lasifikoki, har jinsa ya fara tafiya. Ya koma yana makara a kiɗa, kaɗan-kaɗan. Kowa ya lura, ba wanda ya iya faɗa. Wata rana suna gwaji, Teibor ya tsayar da waƙa a tsakiya ya ce, a gaban sauran 'yan ƙungiya da yaran da ke leƙe ta taga:

"Bah, kunnenka ya tafi. Kai kake ja mana baya."

Gaskiya ce ya faɗa, ban musa ba. Amma haba, mutumin da ya yi maka uwa ya yi maka uba, a gaban jama'a? Shemphang ya ajiye sandunan a kan ganga ya fita, bai ƙara komawa ba. Sauran suka rabu biyu, wasu na bayan wannan wasu na bayan wancan, ƙungiya ta watse. Teibor ya tafi Delhi. Shemphang ya karɓi tasi.

Bayan wajen shekara biyu Teibor ya fitar da kaset ɗinsa na farko shi kaɗai, masu sharhi a jaridu kuwa suka yi masa ca. Wani a Kolkata ya ce kalmomin suna da kyau, amma kaset ɗin kamar ɗaki ne da aka yi wa rufi aka manta daɓe, domin daga farko har ƙarshe babu ganga ko ta magani. Wani ya ce yanzu an gane ƙungiya ce take ɗauke da Teibor, ba shi yake ɗauke da ita ba. Na nan garin ya kira abin girman kai. Dukkansu sun haɗu a kan cewa waƙar ƙarshe ita ce mafi muni, don ba waƙa ba ce ma: fito ne kawai, sai shiru, sai fito, sai shiru. Ɗaya ya ce zaren kaset ne ya rage, aka rasa da me za a cika shi.

A rumfata direbobi suke karanta jaridun nan, da ƙarfi don Shemphang ya ji, wai su faranta masa. Shi kuwa abu ɗaya yake cewa: Teibor ya nuna wa duniya ba ya bukatar makaɗi, duniya ta ba shi amsa. Amma ba ya dariya, shayinsa yakan huce a gabansa. Ranar da wani direba mai surutun tsiya, Bah Kyrmen, ya ce ai dama yaron nan holoƙo ne, Shemphang ya miƙe ya cafki wuyan rigarsa, sai da aka ɓamɓare su. Duk da haka ya rantse ba zai saurari kaset ɗin ba.

Ni na saya. Ina wanke kofuna a gida na kunna, har aka zo waƙar ƙarshe. Da fiton ya tashi sai na ajiye kofin, na zauna a ƙasa. Muryar Shemphang ce, wadda Mei ta rera masa. Teibor yana kira, yana yin shiru daidai tsawon da mutum zai maido, sannan ya sake kira. Nan na gane rashin gangar ma. Ba girman kai ba ne, ƙin zaunar da wani ya yi a kujerar yayansa.

Ban gaya wa Shemphang ba. Ba ni aka kira ba, kuma a wurinmu ba a kai wa mutum kiransa ta bakin ɗan aike. Na jefa kaset ɗin cikin aljihun motarsa na ce ya ji da kunnensa. Ya bar shi nan wata da watanni, tare da tsumman goge gilashi. Teibor yakan bugo waya shagon maƙwabcina, ya tambayi ciniki, ya tambayi ruwan sama, ya ƙare da ko Bah yana lafiya. A bugowarsa ta ƙarshe na ce masa kada maganar jaridu ta karya masa zuciya.

Ya ce, "Jaridu ba su dame ni ba, Hep, ƙanwata. Su ai sun amsa."

Daga nan ya daina bugowa, abin da ya tsorata ni ke nan. Na san halin gidanmu, in ɗaya ya rufe baki, ɗayan ma ya rufe, sai dai a haɗu wajen jana'iza.

Wata rana da yamma ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tasha ba fasinja. Na rufe tukunyar shayi, na buɗe gaban motarsa na zauna, na zaro kaset na tura. Na ce ba zan fita ba sai ya ƙare, in ya ga dama ya ɗauke ni ya jefar. Ya harare ni, ya ce taurin kaina na Mei ne. Amma ya ƙara sauti har ƙofa tana rawa, ya karkata kansa. Waƙa ta biyu na ga yatsunsa sun fara motsi a kan sitiyari, suna cike wuraren da babu ganga. Da ya lura sai ya cusa hannun a hammata.

Aka zo ta ƙarshe. Fiton ya tashi, siriri, ya cika motar. Na zuba masa ido. Fuskarsa ko gezau. Aka yi shiru, fiton ya sake tashi, yana nan yana kallon ruwa a gilashi.

Ya ce, "Ya ƙare ke nan? To 'yan jarida sun yi gaskiya. Ƙarshen nan fanko ne."

Sai a lokacin na fahimta. Sauti mai kauri yana ji har yanzu, sirara ne suka tafi gaba ɗaya. Fito ba ya shiga kunnen yayana. Raina ya ɓaci da Teibor ƙwarai: shi da ya fara faɗa wa mutumin nan kunnensa ya tafi, shi ne kuma ya kira shi da abin da ba zai ji ba. Bayan ɓacin ran sai tausayinsu su biyun ya kama ni, na fashe da kuka. Shemphang ya rikice yana tambayar abin da ya same ni.

Na share ido, na kama kansa da hannu biyu, na sa bakina a kunnensa na hagu, wanda ya fi dama. Na rera masa muryarsa can ƙasan maƙogwaro, yadda Mei take yi in tana jin kasala. Na ce, "Abin da ke cikin kaset ɗin ke nan, Bah. Shi Teibor yake ta yi da fito."

Sai ya ce in mayar da kaset ɗin baya. Na mayar.

"In an zo wurina, ki taɓa ni."

Fiton ya tashi ya sauka, aka yi shiru, na dafa gwiwarsa. Ya tattara leɓe ya maido, da ƙarfi, a ɗan karkace, har direbobin da suka fake a rumfata suka juyo. Duk shirun da Teibor ya bari sai da na dafa shi, duk kuma sai da ya cike shi. Da kaset ya tsaya ya goge fuska da tsumman gilashin, ya ce in gaya wa yaron an amsa masa.

Na ce, "Ba ni aka kira ba. Ga rumfar waya can."

Ya karɓi lambar a hannuna ya tsallaka titi cikin ruwa, ko lema bai ɗauka ba. Ina hango shi ta gilashin rumfar, kan waya a kunnensa na hagu. Ban ga ya yi magana ba. Leɓensa kawai na ga ya tattara.