Katakon da Gara Ba Ta Ci

Ranar da katakon tanki ya karye a ƙarƙashina, ba kaina na fara tunawa ba, Inna na tuna. Ina tsaye da guga a hannu sai na ji ƙaras, ƙafata ta zurma har gwiwa. Na zaro ta da ƙyar, na koma gefe na zauna ina salati. Da Inna ce ta taka wurin, da sai dai labari.

Tankin nan rami ne na siminti a tsakar gidanmu a Magama ta Jibiya, dab da boda. Zurfinsa ya fi tsawon namiji, motar ruwa ke zuwa ta cika mana shi. An rufe samansa da katako, aka bar 'yar ƙofa a tsakiya inda ake zura guga. Inna kuwa mahaifiyata ce. Mun ɗauko ta daga Daddara bayan yanar ido ta rufe mata gani, ga ciwon suga da ya kashe mata tafin ƙafa, ko ƙaya ta taka ba ta ji. Likita ya ja mini kunne, ya ce in kula da ƙafafunta kamar idona, domin rauni a wurin ba ya warkewa da daɗi.

Komai na Inna ni ke yi mata, ban da abu ɗaya. Ruwan alwalarta ba ta yarda kowa ya ɗebo mata. Takan fito daga ɗaki da sandarta tana ƙwanƙwasa ƙasa, in ta ji sandar ta yi amo ta san ta hau katako. Sai ta lalubi ƙofar, ta zura ƙaramin gugarta, ta cika buta, ta tsuguna a nan ta yi alwala. Kuma ba takalmi, wai yana harɗe ta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sayo mai taushi, duk a banza. Takan ce: "Ke, bar ni da wanga guda ɗaya. In na bar shi mi ya rage?"

Da kafinta ya ɗaga katakon, gara ta cinye cikinsa tas, sai ɓawo. Daga sama lafiya lau, ka sa yatsa ya nutse. Na ce a zuba kankare kowa ya huta. Magini ya duba ya ce bangon tankin siriri ne, ba zai ɗauki nauyi ba, sai an rushe an sake. Muka jera buhuna da turmi a bakin ramin, na hana Inna zuwa. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Daga nan ta koma lalubar randa tana cika butarta da kanta.

Maigidana aikinsa fiton kaya a boda, kuma yana da aboki direba, mutumin Maraɗi, mai zuwa Kwatano. Direban ne ya zo mana da labarin wani irin katako da ba katako ba. Ya ce garin itace ne ake kwaɓawa da roba, ya gan shi a wani otel na bakin teku, an shimfiɗa shi kewaye da wurin ninƙayar baƙi. Ruwa na zuba a kansa dare da rana, ga gishirin teku, amma ko gezau. Ya ce an yi ragowa, zai iya ɗoro mana a mota. Ya kawo guntu mu gani, launin ƙasa mai duhu, da 'yan layuka a jiki don kada ya yi santsi, ga nauyi.

Kafinta ya juya shi ya shinshina, ya taɓe baki. Ya ce shi dai maɗaci ya sani, a shafe shi da baƙin mai, zai yi shekaru.

Na ce: "Wancan ma haka ka ce, Malam."

Ya ce: "Ai gara ba ta shawara da kafinta, Hajiya."

Ni dai na rasa inda zan sa kaina. In na ce katako, sai in ga gara tana aikinta a ɓoye, ni ina wanke-wanke ban sani ba, har ranar da zai buɗe da Inna. In na ce na roba, to abin da ba wanda ya taɓa gani a garin nan, wa zan tambaya? Da ɗan gari akan ci gari, ni kuwa ba ni da ɗan gari a wannan magana. Maigida ya ce na cika zulumi. Na ce eh, na cika, uwata ce.

Shi ya kawo dabarar da ta raba gardama. Akwai suri a bayan gidanmu, wajen hanyar gona. Ya ce a binne guntun maɗaci da guntun na roba a gindinsa, gara ta yi mana alƙalanci. Maƙwabta suka ji, abin ya zama abin kallo, har da masu tsokana wai mun kai ƙara kotun gara. Bayan wasu makonni aka tono. Maɗacin duk da man da ya sha an fara ɓarzar gefensa. Na robar kuwa ƙasa kawai aka kakkaɓe, ya fito kamar yau aka yanka shi. Na ji wani sanyi a raina wanda na daɗe ban ji ba.

Aka kawo, aka shimfiɗa bisa ƙarafa, ya yi kyau ƙwarai. Maigida ya yi tsalle a kai don in gani. Sannan ya je ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna, ya ce: "Inna, an gyara miki wurinki, ba abin da zai ci shi." Ta juyar da kai gefe irin na surukai, ta yi ta sa masa albarka. Da ta ƙwanƙwasa sandarta a kai amon ya bambanta, amma kafin kwana biyu ta gane shi.

Wannan duk a ƙarshen damina ne, da lokacin sanyi. Mun gwada shi da gara, mun gwada shi da ruwa, mun gwada shi da nauyi. Ba wanda ya tuna da ranar bazara ta Jibiya, don mu duka da silifa muke hawa.

Wata azahar, zafi ya kai inda ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, na fito da sauri don tukunyata na neman ruwa, ban tsaya neman takalmi ba. Ina ɗora ƙafa a kai na yi baya da tsalle. Kamar na taka tanda. Na tsaya ina yarfe ƙafa, sai idona ya sauka kan jiƙaƙƙen wuri kusa da ƙofar tankin, yana bushewa. Inna ta riga ta yi alwala ta koma.

Na same ta a kan dadduma ta idar da salla. Na ce ta miƙo ƙafa. Ta ƙi. Na kama da ƙarfi na juya tafin. Bororo ne manya, wasu sun fashe, ɗaya a ƙarƙashin babban yatsa har ya fara baƙi. Ba na ranar ba ne kaɗai. Na ce: "Inna, tun yaushe?"

Ta ce ita ba ta ji zafi a ƙafa ba. A hannu take ji, in ta dafa za ta tashi.

"To don me ba ki faɗa ba, don Allah?"

Ta yi ƙasa da murya. "Yaron ya wahala ya kawo abu daga uwa duniya domina. In buɗe baki in ce mi? Kuma in na faɗi, hana ni za ki yi."

Na fashe da kuka, ina kuka ina masifa, ita kuwa roƙona take kada maigida ya ji. Ya ji mana. Da ya dawo ban ce masa komai ba, na ce ya cire takalmi ya hau. Ya hau, ya sauko da sauri, ya dube ni, ya dubi ƙofar Inna. Bai iya zuwa ya tsuguna a wurin ba ranar. Mota ya nemo muka tafi asibiti a Katsina.

Watannin da suka biyo baya ban san daɗin barci ba. Kullum wanke ciwo, kullum in kwance bandeji, ina duba ko baƙin ya ƙaru, ina shinshinawa. Likita ya ce in ya haura, sai dai a yanke. Allah Ya taimake mu bai haura ba, yatsa ɗaya aka cire. Duk tsawon jinyar taimama Inna take yi, butarta na ajiye ba mai taɓawa. Kafin mu dawo maigida ya sa an kafa rumfar zana a kan tankin, inuwa lumshi, ko da tsakar rana ka taka sanyi ƙalau. Katakon yana nan har yau, ko tsagewa bai yi ba.

Da ƙafar ta warke na kawo mata sandarta, na ce: "Inna, tashi mu je, an yi rumfa, ba zafi yanzu." Ta tashi ta yi taku kaɗan, jikinta na karkata gefen da babu yatsa. Ta tsaya a tsakiyar tsakar gida, ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya ta lalubi bango, ta koma bakin ƙofarta ta zauna.

Aka kira la'asar. Ta jawo butarta, wadda ba ta taɓa bari na taɓa ba, ta miƙo ta wajen da take jin numfashina.

Ta ce: "Ɗebo mini."