Shelar da Thimmappa Ya Yi wa Fim ɗin 'Yarsa

Thimmappa mai shelar sinima ne a garin Sagara. Tun yana saurayi yake ɗaura lasifika a kan babur mai ƙafa uku, ya zaga kasuwa da ƙauyuka yana tallar fim ɗin da za a haska. A wurin 'yan wasan dandali ya koyi sana'ar, inda kowa ya san ƙarshen labari tun daga gida, abin da ake zuwa gani shi ne yadda ɗan wasa zai taka rawarsa. Haka ya ɗauki fim ma.

'Yarsa Nethra ta tafi babban birnin Bengaluru karatu, ta dawo da kyamara da mutane. Fim ta shirya da harshensu na Kannada a kan wata mata da ta ɓace a gonar ayaba. Ba waƙa, ba rawa, ba fitaccen jarumi. Duk daɗinsa a rashin sanin wanda ya kashe matar ne. Ta ba Ganapayya, mai shagon magani na bakin tasha, rawar wani tsoho salihi wanda sai a ƙarshe asirinsa ke tonuwa.

Ta dage a garinsu za a fara nuna shi, kuma mahaifinta ta fara haska wa.

"Baba, ya ka gani?"

"Ya yi kyau, 'yar nan. To ni me zan faɗa wa jama'a? Ko mari ɗaya ba a yi ba."

"Ka ce su zo kawai."

Thimmappa bai taɓa fita da shela haka fayau ba. Ya yi ta tunani har ya gano abin da zai ja mutane: ai ɗan gari ne ya ci wasan. Ranar kasuwa ya buɗe murya.

"Jama'a, ku zo ku ga Ganapayya namu! Mai ba ku maganin tari, shi ya kashe ta, ya binne ta a gindin ayaba!"

Ganapayya ya fito daga shago a guje. "Kai, tsohon banza, sauke abin nan! Ka ƙona yarinya!"

"Kai da nake ɗaga ka? Yau an san ka har ƙauye!"

An cika sinima. Da fuskar Ganapayya ta bayyana yana addu'a, wuri ya kaure da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Mai magani, ina ka ajiye fartanyar?" Haka aka yi ta shewa har aka tashi. Nethra na zaune a layin baya. Ba ta yi wa mahaifinta faɗa ba. Washegari ta hau mota.

A Bengaluru fim ɗin ya karɓu. Can masu kallo suka riƙa fitowa ba sa tona ƙarshen labarin, suna turo abokansu. Thimmappa ya ji labari a wurin direbobi. Nethra ba ta sake kawo farkon nunin fim ɗinta Sagara ba.

Takan aiko masa da tikiti duk sa'ad da sabon fim ɗinta ya iso sinimar garin. Yakan sa farar rigarsa ya je, ya zauna kusa da ƙofa. Da ya ga labari ya doshi warwarewa sai ya miƙe ya fita, ya tsaya wurin mai shayi har a tashi.

"Thimmappa, wa ya yi kisan?" mai shayin kan tsokane shi.

"Ban sani ba," yakan ce. "Zuba min, kar ka cika sukari."